Edward Knipling: Masanin da ya sa ƙuda ya ƙarar da kansa

Ba kowane mai sayen nama a kasuwar Mararaba ne ya taɓa jin sunan Edward Knipling ba, alhali dabarar da ya ƙirƙiro ta yi aiki a Jihar Nasarawa.

An haifi Knipling ranar 20 ga Maris, 1909, a Port Lavaca da ke Jihar Texas ta Amurka. Ɗan manomi ne, ya tashi yana ganin yadda wani ƙuda ke yin ƙwai a raunin dabba, tsutsar ta yi ta cin naman har dabbar ta mutu.

Bayan ya kama aiki da Ma'aikatar Gona ta Amurka a 1931, sai ya lura cewa macen wannan ƙuda sau ɗaya take barbara a rayuwarta. Ke nan in aka cika daji da mazan da ba sa haihuwa, ƙwanta ba zai ƙyanƙyashe ba, iri ya ƙare ba tare da feshin guba ba.

Hanyar dandaƙe mazan ce ta gagara, har zuwa 1950 da binciken Hermann Muller ya nuna masa amfanin haske mai ratsa jiki. Shi da abokinsa Raymond Bushland suka haska ƙudajen, suka gwada a tsibirin Curaçao a 1954, aka yi nasara. A 1966 Amurka ta bayyana cewa ta rabu da ƙudan.

A shekarun 1980, Nijeriya da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya sun bi wannan hanya a shirin BICOT, inda aka kiwata ƙudan tsando a Vom, aka haska mazan da hasken gamma, aka sake su a yankin Lafiya. An kakkaɓe nau'in da aka nufa daga kimanin murabba'in kilomita 1,500, don kare shanu daga sammore. Sai dai daga baya ƙudan ya sake kutsowa daga maƙwabta, abin da ya nuna cewa tsare nasara ya fi samunta wuya.

Knipling da Bushland sun karɓi Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 1992. Ya mutu ranar 17 ga Maris, 2000, saura kwana uku ya cika shekara 91.