Eric Liddell, Mai Gudu da Bai Kife Fitilarsa Ba

A cikin karatunmu na Matta 5:14-16 mun ga ba a kunna fitila domin a kife ta da akushi. Bari mu dubi wani bawan Allah wanda kunya ta kusa sa shi ya kife tasa.

An haifi Eric Liddell a 1902 a birnin Tientsin na ƙasar Sin, inda iyayensa, mutanen Sikotlan, suke aikin bishara. Sa'ad da yake Jami'ar Edinburgh sunansa ya bazu saboda gudu, gama ba mai shan gabansa. Amma shi mutum ne mai nauyin baki. Sai a 1923 aka roƙe shi ya yi wa mazajen garin Armadale, masu haƙar kwal, maganar Almasihu, don an san waɗanda ba za su fito saboda fasto ba za su fito ganin gwanin tsere. Ya yarda. Muryarsa ba ƙarfi, maganarsa ba ado, amma daga ran nan bai ƙara yin shiru ba. A ganinmu wannan dare ya fi tseren Faransa wuya.

A wasannin Olimfik na Paris, 1924, aka sa zagayen farko na tseren mita 100 ran Lahadi. Nan ne gwanintarsa take, duk da haka ya janye tun da watanni, waɗansu suna ta zarginsa. Bai kuwa binne baiwarsa ba: ya koma horon mita 400, ya ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6.

A 1925 ya bar yabon mutane ya koma Sin koyarwa. Da yaƙi ya tsananta ya aika matarsa da 'ya'yansa Kanada, shi ya tsaya. A 1943 sojojin Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien. A can ya koya wa yara kimiyya, ya shirya musu wasanni, ya ɗauka wa tsofaffi kayansu. Da fari ya ƙi yin alƙalancin wasa ran Lahadi. Amma da ya ga yaran sun kaure da faɗa don ba babba a kansu, sai ya fito ya tsaya musu.

Ciwon ƙwaƙwalwa ya ɗauke shi ran 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, watanni kaɗan kafin a buɗe ƙofar sansanin.