Abdu Mumuni, Malamin da Ya Sa Rana Aiki

Wanda ya je Yamai, in ya ƙetare kogin Kwara ta gadar Kennedy, zai tarar da babbar makarantar da ake kira jami'a. Sunanta Jami'ar Abdu Mumuni. Ga labarin mutumin da aka sa mata sunansa.

An haifi Abdu Mumuni a Tasawa ran 26 ga watan Yuni 1929. A lokacin nan Nijar tana hannun Faransa. Makarantun boko kaɗan ne, kuma da faransanci kaɗai ake koyarwa. Yaro ya shiga aji, malam na magana, shi ko kalma ɗaya ba ya ji. Yara da yawa sukan gaji su bari. Abdu ya daure. Ya yi karatu a Damagaram da Yamai, sannan aka kai shi makarantar William Ponty a ƙasar Senegal, inda ake tara yara masu ƙoƙari na Afirka ta Yamma.

Daga Senegal ya wuce Faransa. A birnin Paris ya koyi fizik, wato ilimin da ke binciken haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa. A 1956 ya ci wata jarrabawa mai wuya ƙwarai, ta zama malamin manyan makarantu. Kafin shi, ba wani ɗan Afirka baƙar fata na ƙasashen da Faransa ke mulki da ya ci ta a wannan fanni. Ya komo Dakar ya fara koyarwa.

A 1958 mutanen Gine suka zaɓi ƴancin kai. Faransa ta yi fushi, ta kwashe ma'aikatanta da malamanta. Makarantu suka kusa zama kango. Abdu Mumuni yana da aiki mai kyau a Dakar, amma ya bar shi, ya tafi Konakiri don kada yaran Gine su rasa malami. Bayan haka ya zo Yamai ya koyar. Daga nan ya tafi Tarayyar Sobiyat, ya yi shekaru yana binciken ƙarfin rana.

A 1964 ya fitar da littafi da faransanci a kan ilimi a Afirka. A ciki ya bayyana yadda kakanninmu suke tarbiyyar yara tun kafin zuwan Turawa: yaro yana koyon noma a gona, yana koyon sana'a wurin ubansa, yana koyon ladabi a gida. Ya nuna cewa makarantar Turawan mulki ta fi damuwa da samar da akawuna da tafintoci. Ya ce a koyar da yara da harsunansu, a kuma koya wa manya karatu da rubutu. A ganinsa, ilimin da bai amfani jama'a ba, saura ne. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa.

Daga 1964 zuwa 1969 yana Bamako, a ƙasar Mali. Can ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana. A 1969 ya komo gida, aka ba shi shugabancin ma'aikatar ƙarfin rana ta Nijar, wadda ake kira ONERSOL. Ya riƙe ta har 1985.

Me ya sa ya damu da rana? Ya duba ya ga mata suna tafiya nesa neman itace. Ana sare itatuwa, hamada na matsowa. Man fetur kuwa da tsada ake sayo shi daga waje. Amma rana, kullum tana bisa kanmu, ba mai saye, ba mai sayarwa.

Shi da ma'aikatansa suka ƙera na'urar ɗuma ruwa. Akwati ne mai murfin gilashi, a cikinsa da faranti baƙi da bututu. Baƙin abu yana shan zafin rana, gilashi kuma yana hana zafin fita. Ruwan da ke cikin bututu in ya yi zafi sai ya hau sama, ya shiga tanki, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Ba itace, ba hayaƙi. Suka kuma ƙera murhun rana, mai kama da babban kwano mai sheƙi, wanda ke tara hasken rana wuri guda, a gindin tukunya. Akwai kuma na'urar tace ruwa: rana ta mai da ruwa tururi, tururin ya taru a jikin gilashi, ya ɗigo tas.

A 1971 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, a 1973 ta zama jami'a. Abdu Mumuni ya koyar da fizik a cikinta, a 1979 kuma aka naɗa shi shugabanta. Aiki biyu ke nan a wuyansa: ga jami'a, ga ma'aikatar rana. Burinsa shi ne ƴan ƙasa su sami ilimi mai zurfi a gida, su yi bincike a kan matsalolin ƙasarsu, ba sai sun jira wani ya zo daga waje ba.

Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Abdu Mumuni?
2. Don me ya bar Dakar ya tafi Konakiri?
3. Da wane harshe ya ce a koyar da yara?
4. Ku ɗora baƙin ƙyalle da fari a rana. Bayan ɗan lokaci ku taɓa su. Wanne ya fi zafi?