Horace Pippin, sojan da harsashi ya kashe wa hannu ya koma zanen Amurka

A ƙarshen shekarar 1918, saura makonni kaɗan a gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, harsashin wani maharbin Jamus ya sami Horace Pippin a kafaɗar dama, a arewa maso gabashin Faransa. Daga ranar hannun bai ƙara ɗaguwa yadda ya kamata ba. Da shi ɗin ne kuma ya yi zane wajen 140, waɗanda a yau ke rataye a manyan gidajen adana kayan tarihi na Amurka.

An haife shi ranar 22 ga Fabrairu 1888 a garin West Chester na jihar Pennsylvania, ya tashi a Goshen ta jihar New York. Bai yi nisa a makaranta ba, ya bari ya shiga aikin ƙarfi, har da dakon kayan baƙi a otal. A 1917 ya shiga soja, aka sa shi a runduna ta 369, ta baƙar fata zalla. Sojin Amurka na lokacin ba su haɗa fari da baƙi a sahu ɗaya, don haka aka miƙa rundunar ga kwamandojin Faransa, ta yi yaƙi a ƙasar da dubban ƴan Afirka ta Yamma su ma suka zubar da jininsu. Faransa ta ba rundunar lambar yabo ta Croix de Guerre. Ƙasarsa kuwa sai a 1945 ta ba shi lambar waɗanda suka ji rauni a fagen fama.

Ya koma West Chester, ya auri wata bazawara mai suna Jennie a 1920. Ita tana wankau, shi yana karɓar ɗan fanshon naƙasa. Don ya motsa hannun ne ya fara sa ƙarfe a wuta yana ƙona siffofi a jikin katako. Da ya koma fenti, sai ya riƙa kama burushi da hannun dama, yana tallafe shi da na hagu yana turawa. Aiki ne na mai haƙuri: zanensa na farko da fentin mai, kan ƙarshen yaƙin, ya ci shekara uku, daga 1930 zuwa 1933.

Idon duniya ya kai gare shi a 1937, a wani baje kolin zane na yankinsu. Shekara guda bayan haka gidan adana zanen zamani na New York ya nuna ayyukansa huɗu. Masu sharhi suka yi ta kiransa mai zanen da bai yi makaranta ba, kamar wanda baiwa ta faɗo wa daga sama. Wannan yabo ne mai rage daraja, domin mutumin ya san abin da yake yi.

A duba zanensa na masu wasan domino, na 1943. Ɗaki ne na talakawa: mata a bakin tebur, ɗaya da lofe a baki, wata a gefe tana ɗinkin bargo, yaro ya yi tagumi, ga murhu, ga fitilar aci-bal-bal, bango ya tsattsage. A zamanin da ake zana baƙar fata don a yi dariya, shi ya zana su zaune a gidansu, ba ruwansu da mai kallo.

A wannan shekara ya yi zanen da ya kira Mr. Prejudice, wanda ba ya ɓoye fushinsa. A tsakiya akwai harafin V, alamar nasara a Yaƙin Duniya na Biyu, wani ƙato yana sara shi gida biyu. Farare na gefe ɗaya, baƙaƙe na ɗaya gefen, ga ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan cikin farin lulluɓi yana kallo. Cikin baƙaƙen akwai soja sanye da kakin yaƙin farko, hannun damansa a sake. Ba sai an faɗi ko wane ne ba.

Ko a 1942, da ya zana John Brown, Baturen da aka rataye a 1859 saboda ya ɗauki makami don ƴanta bayi, ya tsayar da wata baƙar mace a kusurwa, ta juya wa taron baya tana duban mai kallo. A jerin zanensa na tsattsarkan dutse kuma, inda zaki da rago ke kwance wuri ɗaya, sai an ƙura ido cikin duhun dajin da ke bayansu kafin a hango sojoji da kaburbura.

Shanyewar ɓarin jiki ta yi ajalinsa ranar 6 ga Yuli 1946, yana da shekara 58. Jennie, wadda ke kwance a asibitin masu taɓin hankali, ta bi shi bayan mako biyu. Sai a 1948 Shugaba Truman ya sa hannu kan umarnin kawar da wariyar launin fata a rundunar sojin Amurka.