Labarin Ibnu Sina, Likitan Bukhara

Ga labarin Abu Aliyu Husaini ɗan Abdullahi, wanda aka fi sani da Ibnu Sina. An haife shi a Afshana kusa da Bukhara wajen shekara ta 370 ta Hijira, watau 980. Ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara 10. Lissafin Hindu kuwa wurin wani mai sayar da kayan lambu ya koya, ku ji fa, 'yan kasuwa. Yana saurayi ya yi wa Sarkin Bukhara Nuhu ɗan Mansur magani, aka buɗe masa taskar littattafan fada.

An san shi da Alƙanun na likitanci, amma mu masu allo ƙaramar risalarsa Asbabu Hudusil Hurufi ta fi shafar mu. Abu Mansur Jabban ne ya roƙe shi ita, mutumin da aka ce ya gora masa a gaban sarki cewa bai san lugga ba, har ya duƙufa kanta shekara 3. Malaman tajwidi sukan nuna mafitar harafi, shi kuwa dalilinsa ya bi. Ya nuna sauti iska ce da ake kaɗawa, ko da bugun abu kan abu, ko da fizge abu daga abu. Ya siffanta guringuntsi 3 na maƙogwaro da naman da ke motsa harshe. Ya kwatanta ɗa da tafi idan iska ta tsaru tsakanin tafukan hannu, ƙaf kuwa da tsagewar abu. Har ya kawo haruffan da babu a Larabci, cikinsu da jim ɗin Farisawa mai kama da ca ɗinmu. Mai gyara wa yaro baki ya san wannan ba wasa ba ne.

Kan rai ya buga misali da mutumin da aka halitta cikakke yana rataye a iska, ba ya gani, ba ya taɓa ko gaɓar jikinsa, amma bai yi shakkar samuwarsa ba. Da haka ya kafa hujja cewa rai daban, jiki daban. Mai ciwon so kuwa, a riƙe jijiyar hannunsa ana ambaton sunaye, inda bugun ya sāke nan cutar take.

A Isfahan Sarki Ala'uddaula ya sa shi auna tafiyar taurari don gyaran lissafin kwanaki, almajirinsa Juzjani yana kula da kayan awo. Ya kuma rubuta raddi ga masu duba da taurari.

Sai dai a kiyaye. Imam Gazali ya kafirta masu falsafa a mas'ala 3, cikinsu da cewa duniya ba ta da farko, kuma Ibnu Sina na cikin waɗanda yake nufi. A ganina a karɓi maganinsa da haruffansa, tauhidi a nema wurin ma'abotansa.

Ya yi waziri a Hamadan, ya sha ɗauri wata 4. Ciwon ciki ya kama shi kan hanyar yaƙi, ya 'yanta bayinsa, ya yi sadaka da dukiyarsa, ya rasu a Hamadan cikin Ramadan na 428, watau 1037.