Marcel Breuer: Kafintan da kan keke ya sauya wa sana'a

Akwai wata kujera ta bututun ƙarfe da ba ta da ƙafafun baya, wadda ake yawan gani a ofisoshi da asibitoci. Mai walda a Gyadi-Gyadi ko Tarauni zai iya lanƙwasa irinta ba tare da ya taɓa jin sunan Marcel Breuer ba.

An haifi Breuer a shekarar 1902 a garin Pecs na ƙasar Hungary, a gidan Yahudawa. Yana da shekara 18 ya shiga makarantar Bauhaus da ke Weimar a Jamus, sashen kafinta. Da katako ya fara. Kujerarsa ta 1921 sassaƙa ce mai dogon jingina, har aka riƙa kiran ta kujerar Afirka.

A 1925 aka ba shi shugabancin sashen, bayan makarantar ta koma Dessau. A nan ne ya lura da kan kekensa ƙirar Adler: ƙarfe ne mara nauyi, an lanƙwasa shi, kuma yana ɗaukar ƙarfin mutum. Sai ya nemo bututu, wani mai gyaran famfo ya taimaka masa, suka haɗa kujerar da daga baya aka sa wa suna Wassily. A 1928 ya fito da mara ƙafafun bayan, mai saƙaƙƙen mazauni, wadda ake kira Cesca.

Sai dai bai ci moriyarta yadda ya kamata ba. Bai yi mata rajistar mallaka ba, kuma a 1932 kotun Jamus ta ba Mart Stam, ɗan ƙasar Holan, haƙƙin fasahar kujera mara ƙafafun baya. Kamfanoni suka yi ta kwaikwayon ta Breuer ba adadi.

Ana cikin haka 'yan Nazi suka hau mulki, aka rufe Bauhaus a 1933. Mai asali irin nasa ba shi da wurin zama a Jamus. A 1935 ya koma Landan, kuma abin sha'awa, ya koma wa katako: ya zana wa kamfanin Isokon doguwar kujerar kishingiɗa ta siraran katako da aka manne aka lanƙwasa.

A 1937 ya tafi Amurka koyarwa a Jami'ar Harvard, daga nan zanen gine-gine ya cinye sauran rayuwarsa, ciki har da hedikwatar UNESCO a Paris da ya zana tare da wasu. Ya rasu a New York ranar 1 ga Yulin 1981.