Labarin Richard Baker, Baturen Itatuwa

Mutumin da za mu ba ku labarinsa a watan nan ba sarki ba ne, ba kuwa mai dukiya ba. Ma'aikacin daji ne, sunansa Richard St. Barbe Baker. An haife shi ran 9 ga Oktoba, 1889, a wani ƙauye na kudancin Ingila kusa da Southampton. Ubansa mai wa'azi ne, yana kuma da lambu inda ya ke renon 'ya'yan itatuwa, a nan ne yaron ya koyi dashe.

Da ya zama saurayi ya tafi Kanada karatu. Can ya ga yadda manoma baƙi su ke nome faffaɗan fili ba su bar ko itace ɗaya ba, iska kuwa tana kwashe ƙasa mai kyau. Ya komo Ingila ya soma karatun aikin fasto, sai Yaƙin Duniya na Fari ya tashi. Ya shiga soja, aka yi masa rauni, bayan yaƙi ya koyi ilmin daji a Cambridge. Daga baya ya shiga addinin Baha'i. Mun faɗa domin kada wani ya zaci ɗan mishan ne.

A 1920 gwamnati ta aike shi Kenya, ƙasar Kikuyu. Ya tarar duwatsu sun yi sanƙo, ruwan sama yana zaizaye gonaki. Turawa da yawa sun ɗora laifin a kan Kikuyu, domin su kan sare daji su ƙone su yi gona. Amma mu dai mun san Turawa sun karɓe musu filaye masu yawa, jirgin ƙasa kuma itace ya ke ci a lokacin. Wanda aka matse shi a ɗan fili, ina zai sami wurin barin saura ta huta?

Abin da ma'aikacin daji ya saba yi a zamanin nan shi ne ya kafa doka, ya sa 'yan gadi, ya ci mutane tara. Iyayenmu sun san wannan sarai, gama har yau akwai ƙauyukan da in an ce ga malamin daji, mai gatari sai ya ɓuya. Baker bai bi wannan hanya ba. Ya zauna da dattawa, ya lura Kikuyu ba su soma wani babban aiki, ko shuka ko girbi, sai sun yi rawa tukuna. Sai shi da wani shugabansu, Josiah Njonjo, suka kira rawar itatuwa. Ran 22 ga Yuli, 1922, samari wajen 3,000 suka taru a Muguga. Daga cikinsu aka zaɓi 50 waɗanda suka yarda da kansu, ba biya. Kowa ya yi alkawari zai dasa itace 10 kowace shekara, ya yi aikin alheri ɗaya kowace rana, ya kuma kiyaye itatuwa duk inda ya gan su. Aka sa musu suna Watu wa Miti, watau Mutanen Itatuwa da harshen Suwahili.

A ganinmu wannan ne aiki mafi girma da ya yi, ko da shi ke ya fi sauran ƙanƙanta. Itacen da gwamnati ta dasa na gwamnati ne, akuya ta ci ba mai kora. Amma wanda saurayi ya dasa bayan ya yi alkawari a gaban tsaransa da dattawan garinsu, kunya kaɗai ta isa ta sa shi ɗebo ruwa da rani.

A 1924 ya kafa wannan jam'iyya a Ingila. Yau sunanta International Tree Foundation. Ya yi aiki a dazuzzukan kudancin Nijeriya har 1929, ya tafi Falasɗinu ya tara shugabannin Musulmi da Kirista da Yahudawa a kan maganar dashe, ya kuma yi fama domin manyan itatuwan Kalifoniya a Amurka.

Amma zuciyarsa tana kan Sahara. A 1952 ya ƙetare hamada da mota daga Aljeriya, ya rubuta littafi a kan tafiyar, Sahara Challenge, wanda ya fito a 1954. Shawararsa ita ce ƙasashe su haɗa kai su dasa ganuwar itatuwa mai faɗin mil 30 a bakin hamada domin ta tsare rairayi. Ya yi ta yawo wurin shugabanni, suna karɓarsa da murna, ba wanda ya ɗauki aikin. Fari ya zo a 1973, shanu suka mutu, mutane suka yi ƙaura, ganuwa tana kan takarda. Baker ya rasu ran 9 ga Yuni, 1982, a Saskatoon ta Kanada, yana da shekara 92, kwana kaɗan bayan ya dasa itacensa na ƙarshe.

Sai a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da Babbar Ganuwar Itatuwa, daga Senegal zuwa Jibuti, wajen kilomita 8,000. An dasa da yawa, da yawa kuma sun bushe domin ba mai su. Masana kuwa sun gane hamada ba ta tafiya kamar rundunar yaƙi da za a tare da ganuwa. Ƙasa ta kan lalace ne nan da can, inda aka sare aka yi kiwo fiye da kima, ga zafi yana ƙaruwa, damina kuma ba ta da tabbas. A kan wannan Baker bai ga daidai ba.

Duk da haka littattafansa sun kai hannun wani yaro a Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda ya girma ya zo Maraɗi aikin mishan. Shi ma ya yi ta dashe yana mutuwa, har a 1983 ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma ke sarewa lokacin sharar gona tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. In an bar reshe kaɗan masu ƙarfi aka datse saura, sai itace ya tashi, ba reno, ba ban ruwa. Manoma suka gwada, maƙwabci ya gani ya ɗauka. Da suka tabbata itacen da ke gonarsu nasu ne, ba na malamin daji ba, sai abin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta itace wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a ƙasar Maraɗi da Damagaram. Da yawa cikinsu gawo ne, wanda ya kan zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuwa ya ba dabbobi inuwa da abinci.