Marigayi Bala Miller, Gwanin Tsara Kiɗa

'Yan Arewa mazauna Ikko waɗanda suka manyanta ba za su rasa tuna Bala Miller ba, watau Bazazzagin nan da ya koyi kiɗan zamani a nan kudu, sa'an nan ya koma da shi gida.

An haife shi a Pankshin cikin 1928. Mahaifinsa limamin coci ne, mutumin Zariya. Sa'ad da aka tura uban aiki Lakwaja, a can ne yaron ya fara ganin kayan badujala, ransa kuwa ya biya. Daga nan aka kawo shi makarantar CMS ta Ikko, inda ya riƙa bin ƙungiyar Calabar Brass Band suna busa a wuraren biki. Da ya gama karatu, sai ya zama da rana yana aikin kamfani, da dare kuwa yana kiɗa tare da Samuel Akpabot. Daga baya ya yi aiki da Victor Olaiya.

Babbar gwanintarsa ita ce tsara kiɗa. Shi ke raba wa kowa aikinsa, ya nuna wa mai ƙaho inda zai shiga, da inda mai jita zai sassauta, da inda mai ganga zai bar wa saura fili. In babu wannan, makaɗa 20 hayaniya kawai za su yi. Amma aiki ne wanda mai rawa ba ya gani. A Amurka tun 1963 aka keɓe lambar yabo ta Grammy domin mai tsara kiɗan da babu waƙa a cikinsa, Henry Mancini ne ya karɓe ta a shekaran nan. A ƙasarmu kuwa, mai rera waƙa ake yi wa kari.

Abin da ya dame shi shi ne ƙarancin 'yan Arewa masu iya kayan kiɗan zamani, don iyaye da yawa suna ganin kiɗa roƙo ne. Saboda haka cikin 1973, da taimakon Gwamna Audu Bako, ya kafa makarantar koyon kiɗa a Kano. Bayan bikin FESTAC na 1977 ya haɗa babbar ƙungiyarsa, Great Music Pyrameeds of Africa, wadda ta yi fice da waƙar Ikon Allah, cikin harshen Hausa. Shirinsa na talabijin a tashar NTA cikin shekarun 1980 ya kai ƙungiyar gidajen jama'a kudu da arewa.

Ya rasu cikin 2003.